Sannunku da Hangen Nesa

Masu rabon wutar lantarki, sannunku da ƙoƙari! Mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna gaishe ku, tun daga kamfanin rarraba wuta na Kaduna har zuwa manyanku na Abuja.

Duk katin wutar da mutum ya saya, a cikin lambobinsa 20 akwai hatimin lokaci, wato, a tsohon tsari, adadin mintunan da suka shuɗe tun 1 ga Janairun 1993. Gwanayen da suka ƙera tsarin sun iya tattali, suka ware masa gurbin da ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216. Gurbin ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024. Daga nan ƙidaya ta koma sifili, mitar da ba a sabunta ba kuwa sai ta ɗauki sabon kati a matsayin tsoho, ta ƙi shi. Kuɗinka ya tafi, ɗakinka yana duhu. Wannan ai basira ce!

Shekara 31 ranar tana rubuce, duk mai iya lissafi zai gano ta. Amma kun tausaya wa talaka, ba ku tayar masa da hankali da wuri ba, sai da wa'adi ya ƙarato. Sannan kuka karrama shi da aikin injiniya na sabunta mitarsa: lambobi 20 sau biyu, ya danna da yatsansa, ɗaya bayan ɗaya, kada ya kuskure. Tela a kasuwar Gusau, mai injin niƙa a Tsafe, gyatumar da ke daskarar da zoɓo a Bunguɗu tana ciyar da marayu, duk kun yarda da iliminsu. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki ma ta ce sabuntawar kyauta ce. Wa ya taɓa ganin alheri irin wannan?

Lokacin ma ya dace. A Oktoban 2024 manyan layukan wuta suka lalace, Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, alhali mitoci da yawa ba sa karɓar lamba sai da wuta. Mutum ya sami damar zama ya haddace lambobinsa a natse.

Duniya ta kashe dukiya saboda tsoron rikicewar kwamfutoci a shekarar 2000, yanzu kuma tana fargabar 19 ga Janairun 2038, ranar da agogon tsofaffin na'urori zai rikice. Ku kam ba ku da gaggawa. Sabuwar ƙidayar mita ta fara daga 2014, gurbin bai ƙaru da ko minti ɗaya ba, zai sake cika a 2045. 'Yan firamaren yau ma kun tanadar musu rabonsu.