Ranar da Na Yaye wa Motata Lulluɓi

Tambayi duk mai baƙin gilashi abin da ya sa ya manna wa motarsa baƙar leda, zai ce maka rana ce. Wani ya ce saboda iyali, wani ya ce likita ne ya hana idonsa haske. Ni ma shekara shida ina cewa rana. Amma ranar da nake gudu ƙafa biyu gare ta, a bakin titi take tsayawa, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina aka nufa?"

Ita ledar nan tsufa take kamar kowa. Mai arahar rini kawai aka yi mata, rana kuwa tana cinye rinin a hankali har baƙin ya koma launin ɓawon albasa. Gam ɗin ya saki, ta yi bororo ko'ina. Tawa ta kai in na leƙa madubi, adaidaita sahu ɗaya sai ya zama uku. Ana cikin haka, a 2025 'yan sanda suka sake tayar da maganar takardar izinin baƙin gilashi, bisa wata doka ta 1991, tun mulkin Babangida. Ƙungiyar lauyoyi ta garzaya kotu, ni kuma na tsaya nazari. Dokar ta yarda da uzuri biyu ne, lafiya ko tsaro. Na duba sama da ƙasa, gudun dangi ba ya ciki.

Na je wajen mai liƙa ledar, ya faɗi kuɗin cirewa, na yi dariya. Ɓare leda ne fa, ba tiyata ba.

Ran Asabar da hantsi na fito da reza, bokitin ruwan omo, tsumma, da dirayar uwargida wadda na ɗauko tana wanka. Ka'idar aikin ba wuya: ka gasa gilashin gam ɗin ya yi laushi, ka ɗaga kusurwa da reza, ka ja sannu-sannu ta fito falle ɗaya. Kusurwar farko ta ba ni haɗin kai. Ina cikin yaba wa kaina aka ɗauke wuta. Daga nan aiki ya koma figar kazar da ba a tsoma a ruwan zafi ba. Ka ja, ta tsinke. Abin da ya fito bai kai faɗin farce ba, gam kuma na nan daram, ga ƙurar hunturu tana bi tana mannewa.

Kafin na gama ƙofa ɗaya majalisa ta taso kacokan ta kewaye ni. A unguwarmu ba a rasa gwani, ɗan taimako ake rasawa. Mutum bakwai, hannu goma sha huɗu, duk a goye a baya.

"Kananzir za ka sa, Malam."

"Wane kananzir? Fetur! Haka ƙanen matata ya yi a Kaduna."

"Toka da lemon tsami. Ku yaran zamani ba ku san komai ba."

Wani yaron makanike da ke wucewa ya rusuna ya ce, "Baba, da ka jiƙa ledar da ruwan omo, ka shimfiɗa baƙar ledar shara a kai, ka bar motar a rana awa ɗaya, da kanta za ta saki." Aka yi masa ca. "Kai, manya na magana kana sa baki?" Yaro ya kama gabansa. Daga baya na gane duk taron nan shi kaɗai ya taɓa cire ledar gilashi, kuma shi ke da gaskiya. Mu dai muka bi ta shekaru, aka aiki yaro sayen kananzir.

Maƙwabcina Alhaji mai jif ya ga abin ya ba shi sha'awa, shi ma ya ɗauko reza. Ya fi rabin awa yana neman kusurwa bai samu ba, domin nasa duhun daga kamfani yake, a cikin gilashin aka dafa shi.

A gilashin baya na yi babbar ɓarna. Kun san siraran layukan nan da ke jere a jikinsa? Wayoyin ɗumama gilashi ne, don narkar da ƙanƙara da raɓa a ƙasar da motar ta fito kafin ta biyo ta Kwatano. Na ce Kano da ƙanƙara ai sai a fanta, na sa reza na kankare. Ashe a irin motata eriyar rediyo ma can take. Tun ranar duk tashar da na murɗa, labari ɗaya take ba ni: shuuu.

Da la'asar yatsuna biyu na ɗaure da tsumma, mota tana warin risho, uwargida kuma ta leƙo ta ce, "Baban yara, ba ka ga dirayata ba?" Na lallaɓa na koma wajen mai ledar nan. Ya zagaya motar sau biyu yana salati.

"Alhaji, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Yara ne."

Ya ce Allah ya shirya, ya ninka kuɗin da ya faɗa da farko.

Ran Litinin na fito da gilashi tas, kamar wanda aka yi wa aski a tsakar kasuwa. Tun ban bar layinmu ba telan da ke bina kuɗin ɗinkin Sallah ya ɗago mini hannu, har da murmushi. A kwanar babban titi kuwa sai ga Gwaggo da buhunta da jikoki uku.

"Lale! Ashe kana da motar har yanzu? Shekara nawa ina ganin irinta tana wucewa, na ce ba ɗana ba ne, da ya tsaya. Ina za ka?"

"Kabuga, Gwaggo."

"Madalla, ai hanya ce. Wudil za ka ajiye mu."