Takobi Mai Hannu Biyu da Kati Mai Lamba 20

A wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, mayaƙi ba ya samun komai a ɓagas. A bugun 2014, babban takobi yana sara da ƙwayar lido biyu masu fuska 6, amma yana cin hannu biyu. Takobin hannu ɗaya ƙwaya guda ce mai fuska 8, sai dai yana barin wurin garkuwa, wadda ke ƙara kariya da maki 2. Mai kwaɗayin duka sai ya nemo hannu na uku.

'Yan majalisar hira a unguwannin Kawo da Unguwar Rimi sun san wannan lissafi, ko da yake makaminsu kartar Whot ce. Kati mai lamba 20 yana hawa kan kowane kati, har ya ba mai shi ikon kiran alamar da yake so. To amma wanda ya ƙanƙame shi yana jiran ranar wanka, wani ya riga shi fita, maki 20 sun hau kansa a ƙidaya. Kati mai alamar tauraro kuwa ninki biyu ake lissafa shi.

Rigimar tana wajen fassara. In an jefa wa mutum kati mai lamba 2, zai iya tarewa da wani 2, ko dole ya ja daga kasuwa? Kowace tabarma da hukuncinta. 'Yan Dungeons & Dragons suna da jagoran wasa mai yanke hukunci; a Kawo mai kartar ne alƙali, kuma in hukunci ya juya masa baya, nan take yake tuna an aike shi.