Yadda Za a San Ka Kafin Gara Ta San Kundinka

Ɗan'uwa mai sabon digiri, idan kana son sunanka ya fita, ka dakata da buga katin nan mai “Dakta” da manyan baƙaƙe, ka fara leƙa Hubbare. A nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake kwance tun 1817, a nan kuma aka binne 'yarsa Nana Asma'u a 1864. Ita ce malamar da za ka ɗauki darasi a wajenta. Ba ta da mujalla, ba ta da intanet, amma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kowa ta same shi da harshen da yake ji. Ta naɗa jajoji, dattawan mata, ta ba kowaccensu malfa ɗaure da jan ƙyalle, suna jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka, su haddace waƙoƙinta su koma su koyar. Kai kuwa kundinka na nan a kan kanta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ƙura ta yi masa bargo. Sauko da shi, ka tace shi zuwa bayanin minti biyar da Hausa, ka gwada a kan kakarka. In ta ce “sannu da ƙoƙari” ta koma kan carbinta, sake rubutawa. Ranar da ta yi maka tambaya, ka isa shiga gidan rediyon Rima, ko ka zauna da manoman Goronyo in a kan albasarsu ka yi binciken.

Sannan ka tsayar da suna ɗaya. Wanda ya sa Muhammad a wannan maƙala, Mohammed a waccan, M. B. a ta uku, Google Scholar zai lissafa shi mutum uku, kowannensu talaka. Lambar ORCID, wadda aka fara bayarwa a 2012, kyauta ce, ita za ta haɗa maka kan dukiyarka.

Wani zai ce ai wannan riya ce, malami na gaskiya ba ya tallar kansa. Tsoron riya abu ne mai kyau, amma a duba littattafan Shehu: da sunansa da na mahaifinsa yake buɗe su, domin mai karatu ya san wa zai tuhuma in an yi kuskure. Muhammadu Bello ma, a Infaƙul Maisuri na 1812, ya ambaci malaman ƙasar nan da sunayensu, shi ya sa muka san su. Riya ita ce ka cika Facebook da hotonka a bakin zauren taro, da kati rataye a wuya, alhali ba ka gabatar da komai ba. Wani kuma zai ce kwamitin ƙarin girma maƙala yake ƙirgawa, ba ya sauraron rediyo. Gaskiya ne, don haka aikin shi ne gaba, kuma ka guji mujallar da ke karɓar rubutu yau ta buga jibi muddin ka biya.

Manya ma ka neme su. Littafin Murray Last na 1967 a kan Daular Sakkwato ya samu ne da zama gaban Waziri Junaidu da rubuce-rubucen da ke hannunsa. In za ka aika wa farfesa saƙo, kada ka rubuta sallama kaɗai ka zauna jiran amsa. Gaishe shi da ladabi, faɗi wanda ya koyar da kai, liƙa maƙalarka, ka yi tambaya ɗaya tak wadda zai iya amsawa tsakanin Magariba da Isha'i.