Mafarautan Tsohon Zane

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma da alama maganar nan ta kama masu ɗinkin hula da surfanin riga a ƙasar Gumel. Yanzu kowa tsohon zane yake nema: askar da aka yi wa rigar kakanni, da hular da aka daina yayinta tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Na daɗe ina zama a gindin darbejiya tare da masu allura, har na rarrabe mafarautan nan gida-gida. Ga su nan, kowa ya duba ya ga inda ya faɗo.

Na farko shi ne Magajin Adaka. Kakansa ya bar masa riga saƙi mai aska takwas, ɗinkin tsamiya, wadda aka yi watanni ana yi. Ya ninke ta, ya zuba mata kafur, ya datse adaka da kwaɗo biyu. Ka je ka ce, “Baba, a taimaka in ga wuyan rigar nan in kwafi zanen.” Sai ya ce, “Yaro, makullin yana wurin yayana a Gagarawa.” Ka je Gagarawa, a ce yayan ya tafi Sule Tankarkar ta'aziyya. Ranar da Allah ya yi aka buɗe adakar, sai a tarar asu ya riga kowa: aska takwas ta koma aska uku da rabi.

Na biyu Ɓarawon Ido. Wannan ba ya roƙo, ba ya saye. Ran Juma'a yake fita aiki. Zai bi sahu yana leƙen ƙeyar mutane har ya sami dattijo mai tsohuwar ƙube, ya tsaya a bayansa daram. Liman na karatu, shi yana ƙirga gidaje: ja uku, baƙi biyu, a karya hagu. Ana sallama sai ya taɓa na kusa da shi ya ce, “Malam, raka'a nawa muka yi?” Na san wani da ya bi hula tun daga Gumel har tasha, ya biya kuɗin mota zuwa Maigatari, don kawai bai gama ƙirga bayanta ba.

Na uku Dillalin Tarihi. Shi ran Alhamis ake ganinsa a kasuwar Maigatari, inda fatake daga Nijar da kudancin Najeriya suke haɗuwa cinikin shanu da raƙuma. A wurinsa babu hular da talaka ya taɓa sawa. Kowacce ta wani hakimi ce, kowacce ta ga hawan salla tun zamanin En'e. Hular kuwa bara aka ɗinka ta, ya jiƙa ta a ruwan shayi, ya shanya ta a kan danga kwana bakwai. Idan ka shinshina ka ce kana jin ƙanshin citta da kanumfari, sai ya ce, “Alhaji, ai mutanen dā da su suke ajiyar kaya.”

Na huɗu Malam Sarkin Suna. Ya haddace komai: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi, linzami, sharaba, malum-malum. A huluna ya san damanga, ya san zanna, ya san haɓar kada. Zai gaya maka cewa askar nan da ke gangarowa gefen aljihu ba ado kaɗai ba ce, mutanen dā suna ɗaukarta kariya daga mugun ido. Zai gaya maka cewa wani Baturen Ingila, David Heathcote, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana bin masu zane yana tattara aikinsu, har aka baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Duk gaskiya ne. Amma miƙa masa allura da zare ka ce ya zura. Nan take zai tuna ya baro tabarau a gida.

Na biyar Ɗan Waya. Ya je Gidan Makama a Kano ya ɗauki hoto, ya shiga kasuwar Kurmi ya ɗauka, ya tsayar da tsoho a hanya ya ce, “Baba, ɗan sunkuyo.” Wayarsa ta cika har tana kukan babu wuri. Ka ce ya nuna maka dagin da ya ɗauka bara, sai ya yi ta shafa fuskar waya, yana wuce hoton biki da na ɗaurin aure da na ragon layya, har caji ya ƙare. Ranar da aka zare masa wayar a kasuwa, ya zauna yana salati kamar an yi gobara a gidan tarihi. Bai taɓa ɗinka ko bakin hula ba.

Na shida Likitan Tiyata. Shi idan ya sami tsohuwar hula, reza yake ɗauka ya warware ta zare bayan zare, wai yana son ya ga yadda aka bi. Ya kai tsakiya sai ya manta farko. A ƙarshe babu hula, babu zane, sai tulin zare da baƙin cikin wanda ya ba shi aro.

Sai ta bakwai, Gwaggo. Ita ba ta san ana kiran abin da take yi tarawa ba. A ƙarƙashin gadonta akwai zanen gadon aurenta da ta ɗinka da zaren ulu: tsuntsaye biyu suna fuskantar juna, fulawa a kusurwa, da wani jirgin sama mai kama da kifi. Ba ta hana kowa gani. Idan jikarta za ta yi aure, sai ta shimfiɗa shi a tabarma, ta ce, “Zo nan, 'yar nan, ƙirga ki gani. Nan huɗu, nan biyu, kada ki ja zaren da ƙarfi.” Kafin wata ya ƙare, tsuntsayen nan sun tashi daga tsohon ƙyalle sun sauka a sabo. Cikin mutum bakwai ɗin nan, ita kaɗai ce zane ya haihu a hannunta.

Kada mai karatu ya ce na tsame kaina. Ni ɗan gidan na huɗu ne, da ɗan jini a na biyar. Abin da zaman gindin darbejiya ya koya mini shi ne zane ba ya tsira a adaka, ba ya tsira a waya, sai a yatsun wanda ya iya. Idan akwai tsohon mai zane a unguwarku, wanda har yanzu yake ɗora alƙalami da tawada a kan farin yadi ba tare da ya duba komai ba, ka sayi goro ka je gaishe shi a makon nan. Ka tafi da yaro mai haƙuri, da allura, da ƙyalle.