Wasiƙa Zuwa Ga Malam GDB, Mai Farautar Kurakuran Kwamfuta

Ranka ya daɗe,

Tun 1986 Richard Stallman ya kawo ka duniya, yawancin masu kuka da kai a yau ba a haife su ba lokacin da ka fara aiki. Don haka zan yi maganata cikin ladabi.

Ga koken masu rubuta C++. In mutum ya kafa maka birki a fankshan na yau da kullum ya buga info locals, sai ka zayyano masa kowane bariyabul da abin da ke cikinsa, tsaf. Amma a da, da zarar ya shiga magini, wato sashen ajin da ke gina sabon abu, sai halinka ya canja. Ga bariyabul nan a rubuce ɓaro-ɓaro a gabansa, shi ya raɗa masa suna da hannunsa, amma ka dube shi ka ce No symbol "x" in current context. Malam, ina ka kai shi?

Na san uzurinka, kuma ba ƙarya ba ne. Tun GCC 3.0 na 2001, da aka rungumi ƙa'idar Itanium, ɗan'uwanka GCC, mai harhaɗa lambobi, ba ya haifar magini ɗaya, tagwaye yake haifa. Hassan, wanda ake kira C1, shi ke gina cikakken abu. Husaini, C2, shi ke gina abu idan zai zama ɓangaren wani aji da ya gaje shi. Ƙa'idar ma ta tanadi Gambo, C3, sai dai ba kasafai ake ganin fuskarsa ba. Mu kuwa suna ɗaya muke gani a allo. Shekaru ka yi kana tsare ƙofar ɗaya alhali shirin ya bi ta ƙofar ɗayan ya wuce abinsa, sai a siga ta 6.8, cikin 2008, ka koyi tsayawa a wurare biyu da birki ɗaya. Mun gode, ko da an makara.

Akwai kuma lokacin da wasu sigogin GCC 4 ba sa rubuta bayanin bariyabul ɗin magini a cikin DWARF, littafin da kake dubawa. Abin da ba a rubuta ba, ba ka iya karantawa. Na yarda.

To amma ka san halin da hakan ya jefa bayin Allah? Wasu sun kwashe duk aikin magini suka kai wani fankshan daban, suka sa masa suna init, don kawai su riƙa ganin abin da ke ciki. An sauya fasalin gida don a lallashi mai gadi. Wasu kuma suka koma watsa cout a kowane layi, suna buga "na iso nan", "na iso nan 2", ga ka nan zaune ba aikin fari ba na baƙi.

Batun optimized out ba zan ja shi ba. Wanda ya harhaɗa da -O2 sannan ya zo neman kowane bariyabul, shi ya jawo wa kansa. Ga -g da -O0, ga kuma -Og tun GCC 4.8 na 2013.

Roƙona ɗaya ne. In ba ka ga abu ba, ka faɗi dalili. "Babu shi" daban, "ba a rubuta mini shi ba" daban. Da jimla ɗaya kake amsa wa wanda ya yi kuskuren harafi da wanda GCC ya ɓoye wa kayansa, sai mara laifi ya kwana yana tuhumar idonsa.

A isar da gaisuwata ga Hassan da Husaini. Gambo kuma in ka gan shi, ka ce ana cigiyarsa.

Naka mai biyayya,
Wani almajirin C++