Ƙarar Mai Takobi a Kan Maharbi

Tun shekarar 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, inda ake kewaye tebur ana jefa ɗan lido ana yaƙi da fatar baki, ma'abota wasan ke ta jayayya, tamkar malamai a kan mas'alar gado, game da sha'anin maharbi, wai ba adalci ba ne ya laɓe nesa yana sakin kibau alhali mai takobi na can yana shan sara. Saboda haka aka yi masa hukunci, aka ƙayyade nisan harbinsa, aka ƙidaya masa kibau, don kada ya tsaya a Illela ya kashe dodo a Ƙonni bai ko gaisa da kwastan ba.

Da ma Sarkin Gobir Yunfa ya sami irin waɗannan alƙalai a Tabkin Kwatto a 1804, ranar da maharban jama'ar Shehu suka watsa masa dawaki! Haka nan a Giginya a 1903, da bindigar Nasara ta fara ruwan harsashi, babu wanda ya tsayar da wasa don a duba littafin ƙa'ida.