Yadda Za Ka Ladabtar da Aikatau Ba Tare da Bulala Ba

Duk wanda ya zauna ajin Faransanci a Maraɗi ko Damagaram ya san wuyar "je parle, tu parles, nous parlons, vous parlez, ils parlent". Aikatau ɗaya, riguna biyar, uku daga ciki kuma kunne ba ya bambanta su, sai jan biron malam. In ka gaji, ga mafita: ƙirƙiri naka harshen. Ba a kanka farau ba. A 1951 wata ƙungiya a Niyok, ƙarƙashin Alexander Gode, ta fito da Interlingua daga Italiyanci, Sifaniyanci, Fotugis, Faransanci da Turanci. Bi sawunsu.

Na farko, raba aikatau gida uku, kamar mai rabon gado: masu ƙarewa da -ar, da -er, da -ir. Ga parlar, yin magana, vider, gani, audir, ji. Kowa ya tsaya a layinsa.

Na biyu, cire r ɗin ƙarshe, ka sami lokaci mai ci. Io parla, tu parla, nos parla, illes parla. Ni da kai da mu da su, duk riga ɗaya, kamar ankon biki. Sarki da talaka, parla.

Na uku, in abin ya wuce, liƙa masa -va a ƙeya: parlava, videva, audiva. In yana tafe, mayar da r ɗin ka ƙara a: parlara. In kuma zancen "da a ce" ne, na masu cizon yatsa, sai ka ce parlarea. Sai dai ka kula, tsakanin jiya da gobe harafi ɗaya ne tak. Mai bin ka bashi zai so jin pagava, na biya, kai kuma pagara, zan biya, ta fi maka sauƙi a baki.

Na huɗu, in liƙe-liƙen ma ya ishe ka, leƙa Lingua Franca Nova ta George Boeree. Can aikatau ba ya ko motsi: me come, ina ci, me ia come, na ci, me va come, zan ci. Kada ka yi tafi da yawa. Bahaushe ya daɗe yana cewa "na ci, zan ci, nakan ci" ba tare da ya kafa kwamiti ba.

Na biyar, shirya wa 'yan taurin kai. Ko a Interlingua, esser, haber da vader sun ƙi bin layi, aka bar su suna yawo da es, ha da va. Su ne aka fi aika, kuma ɗan aike kullum sai ya gano gajeriyar hanya.

Nahawun zai zauna maka kafin shayi ya huce. Aikin da ya rage shi ne neman wanda zai amsa maka gaisuwa. In ka same shi, riƙe shi da kyau, amma kada ka bar shi ya yi surutu da yawa, don daga bakin masu magana ƙa'ida take fara karyewa.